Hannun Mai-ɗaci da Sikelin Hukuma

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu walda ya san shagon nan da ke maƙale tsakanin mai gyaran fanka da mai aski. In ido bai nuna maka shi ba, hanci zai nuna maka. Warin ƙonannen ƙarfe na ƙarewa sai ƙamshin citta da kanumfari ya tare ka, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗaci da ke kama maƙoshi tun ba ka sha komai ba. Matar da ke da shagon ba a kiranta da komai sai Mai-ɗaci. Wasu sun ce garin da take sayarwa ne ya jawo mata sunan, wasu sun ce harshenta ne. Ita dai ba ta taɓa raba musu gardama ba.

Abu ɗaya tak take sayarwa: garin ƙarin lafiya, haɗin zogale da citta da kanumfari da sassaƙen wani icce mai ɗacin tsiya. A dama cokali guda a ruwan ɗumi a sha da safe. Masu zaman wuri ɗaya da ciki ke yi musu nauyi ne ke saye, da waɗanda suka tashi daga jinya abinci ya daina yi musu daɗi. Ba ta taɓa cewa garinta na warkar da cuta casa'in da tara ba. In ka zo mata da abin da ya fi ƙarfin ganye, da faɗa za ta kora ka asibiti, har ta bi ka bakin titi ta ga ka hau mota.

Wurin mahaifinta ta koya, shi kuwa har ya koma ga Allah bai mallaki sikeli ba. Hannu ne ma'auninsa. Tun tana ƙarama yake kama hannunta ya tsoma a buhu ya ce, "Damƙo. A'a, kin yi rowa. Sake. Yawwa, hakan." Shi ya koya mata ta kalli mutum kafin ta haɗa masa. Ƙato mai wuya kamar na bijimi a ƙara masa sassaƙe, tsohuwa mai rama a rage mata, wanda ake ganin girmansa kuwa a zaɓar masa mai kyau a ƙara hannu, don mutunci. Da wannan sana'a ta yi aure, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Da masu saye suka yi yawa, har direbobi na ɗauka su kai wa 'yan uwansu na nesa, sai ta koma haɗawa a babbar roba tana ƙullawa a leda, tana jerawa a kan allunan katako da ke jikin bango. Awon dai bai bar hannunta ba.

Mijinta, da take kira Malam, tsohon direban tanka ne da ciwon gwiwa ya sauke daga mota. Aikinsa yanzu zaman benci a ƙofar shago da neman tsokana. Likita yake ce mata, in kuma ta harare shi ya ce Babbar Likita.

Ana nan sai doka ta zo. Hukumar da ke kula da magunguna ta ce duk mai sayar da abin da mutum zai haɗiya don lafiya, ganye ne ko saiwa, sai ya yi rajista, an duba inda yake haɗawa, an gwada kayansa, an ba shi lamba ya buga a jikin leda. Wasu ma'aikata suka zo, suka gaishe ta da ladabi, suka ɗauki leda guda daga kan allo, suka ce ita ma ta kai samfur ofis da hannunta kafin wa'adi ya cika. Ta ja tsaki, ta ce yaran da aka goya jiya ne za su gwada garin da ya girme su? Ta share zancen. Su kuwa ba su share ba. Wa'adi na cika suka dawo, suka rufe ƙofar shagon, suka manna mata wata jar takarda a kan kwaɗo.

Ba ita kaɗai aka rufe wa ba, amma sauran ba su wani ɗaga hankali ba. Suka kwashe kaya suka koma gida, mai saye ya zo ta baya ya ƙwanƙwasa taga, a miƙo masa a naɗe cikin tsohuwar jarida. Malam ya ce ita ma ga buhuna a ɗaki, mene ne a ciki?

"Ni?" in ji Mai-ɗaci. "Da furfurata zan koma miƙa kaya ta taga kamar ɓarauniya? Ubana da rana tsaka ya sayar, ni ma da rana tsaka zan sayar. Lamba suke so, ko? To, lambar nan sai sun ba ni, ko sun ƙi ko sun so."

Kai, mace in ta sa kai! Ɗakin da take haɗi a bayan gida ta sa aka yi masa daɓen siminti, aka buga raga a taga don ƙuda. An ce ba a shanya ganye a ƙasa, Malam ya ja gwiwarsa ya ƙera mata gadajen shanya, yana bugun ƙusa yana mita wai ya bar tuƙi ya koma kafinta ba albashi. An ce sai ta rufe gashi ta sa safar hannu, ta sa, jikokinta suka yi ta dariya har da faɗuwa. Masu dubawa suka zo suka zagaya, suka leƙa har bayan ƙofa, suka ce ɗaki ya yi. Saura samfur.

Ranar da za ta haɗa samfurin ta yi abin da ta saba yi wa duk wani babban baƙo. Ta tsince zogale ganye-ganye, ta zaɓi citta mai kauri, ta tankaɗe da sabuwar rariya. Da ta zo kan sassaƙe ta damƙo yadda ta saba ta zuba, sannan ta tsaya ta yi tunani. Manya ne fa za su gani, masu ilimi, a ofis. A kai musu irin na kowa da kowa? Ta sake damƙowa ta ƙara.

"Ƙara musu, Likita," in ji Malam daga bakin ƙofa. "Kada su raina mu. Su ɗanɗana su san an zo da magani."

Ta ƙara. Ta kai ofis cikin kwalba mai murfi, ta dawo tana jin kanta a sama.

Da aka kira ta karɓar sakamako, sai aka shigar da ita wani ɗaki mai sanyi, cike da kwalabe da na'urori. Mai gwajin mace ce sa'ar 'yarta ta tsakiya, da farar riga da tabarau. Ta ba ta kujera, ta ajiye abu biyu a kan tebur: ledar da aka ɗauko daga shago, da kwalbar da ta kawo.

"Mama, wanne ne garinki a cikin waɗannan?"

"Wace irin tambaya ce wannan, 'yar nan? Duk nawa ne."

"Ba iri ɗaya ba ne. Sassaƙen da ke cikin kwalbar nan ya ninka na ledar. In mai raunin ciki ya sha shi kullum, zai wahala. Ba zan iya wuce da shi ba. Ledar kuma ba zan iya wuce da ita ba, tunda ba ta yi daidai da abin da kika ce shi ne garinki ba."

Mai-ɗaci ta yi dariya, don ta ɗauka abin mai sauƙi ne. Ta ce ai na kwalbar musamman ta yi musu, ta ƙara hannu saboda girmamawa, ba wanda za a sayar wa. Tana faɗa tana jin maganar na yi mata wani iri a baki. Garin neman ƙiba ta samo rama, kuma da hannunta.

Mai gwaji ba ta yi dariya ba. Ta jawo wani ƙaramin sikeli mai fuskar gilashi, ta ajiye kwanon gari kusa da shi, ta ce Mama ta damƙo mata yadda ta saba, ta zuba. Mai-ɗaci ta naɗe hannun riga, ta damƙo, ta zuba, sikeli ya nuna lamba. Aka juye, ta sake. Wata lambar ce daban. Ta sake, da hankali wannan karon, har tana cije leɓe. Ta ukun ma ba ta yi kama da 'yan uwanta ba.

"Sikelinku ne ya lalace," in ji ta. "Hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ni mutum nake kallo in auna masa."

"Na yarda, Mama, in mutumin na gabanki. Wanda direba ya kai wa leda a wani gari fa? Wa ya kalle shi? Ɗa ya saya wa uwarsa, ke kin ga ɗan, ba ki ga uwar ba. Leda ba ta da ido. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ni dai so nake duk ledar da ta fito daga hannunki ta zama ɗaya da 'yar uwarta."

Mai-ɗaci ta miƙe ta fita ko sallama babu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ita da ba a taɓa rufe mata baki ba. A mota ta riƙa kallon tafin hannunta kamar na wata.

Da yammacin ranar Tela ya yi sallama a gidan. Tela maƙwabcinsu ne na layi, dattijo mai ɗinkin kayan makaranta, wanda ya fi kowa daɗewa yana shan garinta. Wuni yake a kan keke, in bai sha da safe ba sai ciki ya cika masa kamar an hura. Tun da aka rufe shago yake lallaɓa ragowar da ke gare shi, yau ta ƙare.

"Mai-ɗaci, na san akwai a ɗaki," in ji shi. "Ƙamshinsa ma nake ji daga nan. Ki tsakuro mini ko na kwana kaɗan ne. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba! Ni ne fa. Ni na ɗinke wa 'ya'yanki kayan makaranta tun daga na fari har auta."

"Na sani, Tela. In na buɗe maka taga yau, gobe layin nan duka na bakin tagata, jibi a kama ni, lambar nan kuma na rasa ta har abada. Ka yi haƙuri ka je asibiti su duba ka kafin in gama da mutanen nan."

Ya tsaya yana kallonta, ya kaɗa kai, ya sa takalminsa ya tafi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu, ya mayar ya rufe. Ta shiga ɗaki ta zauna kusa da buhunan.

Tela bai je asibiti ba. Akwai wani da ke zuwa bakin tasha da mota mai lasifika a ka, yana buɗe bayanta cike da kwalabe marasa suna, yana rantsuwa cewa nasa na maganin komai daga ciwon kai har na kishi. Tun da aka rufe shaguna kasuwarsa ta buɗe, don shi ba shi da ƙofar da za a manna wa takarda. Wurinsa Tela ya saya. Bai daɗe da fara sha ba aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti, amai da gudawa sun tsotse shi. Da aka sallamo shi Mai-ɗaci ta je dubiya, ta same shi kwance, wuya ya yi tsawo, kekensa a rufe da zani a gefe.

Ta ce, "Sannu, Tela."

Bai amsa sannun ba. Ya ce, "Ke kika tura ni wurinsa." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari da hantsi tana ofishin hukuma. Ba ta bi layi ba, ba ta jira an kira ta ba, ta tura ƙofar ɗakin gwaji ta shiga da mayafinta a kafaɗa.

"'Yar nan, kun bar jaki kuna dukan taiki! Ni da nake da shago, kowa ya san inda zai same ni in na cuce shi, ni kuka rufe. Mai mota yana can yana zuba wa mutane guba da lasifika. Kun hana mutane abin da suka sani, ba ku ba su wani ba. Ina kuke so su je? Ga maƙwabcina can ya kusa sheƙawa!"

Mai gwaji ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Gaskiyarki, Mama. Mai ƙofa ake samu, mai taya kafin a je ya gudu. An san da zamansa, ana binsa, amma wannan ba ya ta da maƙwabcinki daga kwance. Abin da ke hannuna ɗaya ne. Ki haɗa mini gari sau uku, ranaku daban-daban, duk su fito iri ɗaya, sassaƙen kuma kada ya wuce abin da mai rauni zai iya ɗauka. In kin kawo, ni da ƙafata zan hau da takardunki sama, ba zan bari su kwana a ƙarƙashin na wani ba."

"Sau uku?"

"Sau uku."

"Za ki gan ni," in ji Mai-ɗaci.

Daga nan kasuwa ta wuce ta sayi sikeli, ta naɗo shi a mayafi don kada 'yan layi su gani su yi mata dariya. A gida sabuwar rigima ta taso: wane damƙin ne na gaskiya, tunda kowanne da nauyinsa? Ta daɗe a tsaye a kan buhun sassaƙe. A ƙarshe ta tuna da wata tsohuwa siririya da ke zuwa mata da sanda, ta damƙo daidai yadda take damƙo mata, ta ɗora a sikeli. Abin da ya nuna Malam ya rubuta da gawayi a jikin bango, manya-manya. Ya ce ƙattan layi za su ce gari ya yi sanyi. Ta ce su ce, ƙato in ya sha mai sanyi ba abin da zai same shi.

Haɗin farko ya tafi lafiya, sai dai ya ci mata wuni guda, abin da a da take gamawa kafin shayi ya huce. A na biyu ne hannu ya ci amanarta. Ta gama awo tsaf, tana juyawa a roba tana ba Malam labarin wata jikarta, sai ya daka mata tsawa.

"Likita! Me kika zuba yanzu?"

Ta duba. Yatsunta duk garin sassaƙe. Hannun ya je buhu ya dawo ya barbaɗa, ita ba ta ma sani ba. Wallahi ba ta sani ba.

"Ɗan kaɗan ne," in ji Malam, ganin yadda fuskarta ta yi. "Wa zai gane?"

"Yarinyar nan za ta gane. Ko ba ta gane ba, ni na gani."

Ta ɗauki robar gaba ɗaya, zogalen da ta yi kwanaki tana shanyawa, ta kai bayan gida ta juye a rami ta tura ƙasa. Ta dawo idonta ya yi ja. Tun daga ranar, da zarar ta gama awo sai Malam ya ɗaure bakin buhun ya zauna a kai, ita kuma ta juya da muciya da hannu biyu don kada ɗaya ya sami sarari. Ya ce duk tsawon zamansu bai taɓa zaton zai zama mai gadin hannunta ba. Ta ce ya yi shiru ya zauna da kyau.

Ta kai kwalabe uku. Aka yi ta jira, irin jiran ofis da ke sa mutum ya san kalar fentin kowane bango. Duk sanda aka ce ta dawo, ta dawo, har masu gadi suka fara tanadar mata kujera. Mai gwaji ta cika alkawari. Ranar da lamba ta fito, ita ta miƙa mata takardar da hannu biyu ta ce, "Uku ɗin kamar tagwaye, Mama." Mai-ɗaci ta so ta ce ai tagwaye biyu ne ba uku ba, sai ta fasa, ta karɓa kawai ta ce Allah ya yi albarka.

Aka cire jar takarda, aka buɗe kwaɗo. Kafin ta gama share ƙurar shago mutane sun yi layi har gaban mai aski. Sababbin ledoji na kan allo, kowace an liƙe bakinta da zafi, da suna da lamba da yadda ake sha. Ta duba layin daga farko har ƙarshe, ba Tela. Ta ɗauki leda guda, ta ce wa Malam ya riƙe mata shago, ta bi tsakiyar titi da ledar a hannu a fili, ba naɗi ba ɓoyo.

Ta same shi zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya fara samun ƙarfi amma har yanzu riga ta yi masa yawa. Bai kore ta ba, bai kuma yi mata maraba ba. Ta roƙi matarsa ruwan ɗumi da cokali, ta yage bakin ledar, ta ɗebo cokali guda ta shafe tozon garin ya daidaita, ta dama ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye. Ya sauke kofin daga bakinsa.

"Wannan ba hannunki ba ne, Mai-ɗaci."

Maganar ta soke ta, ba ta kuma ɓoye ba. Ta zauna a bakin tabarmar ta ce, "Ba hannuna ba ne, Tela. Hannuna na ajiye shi, kuma ya yi mini zafi fiye da yadda kake zato. Amma hannun nan da ni za a binne shi. Wannan kuwa, ko gobe na mutu, 'yata za ta duba bango ta auna maka irinsa, ka saya a shago da rana tsaka, ba ka roƙi kowa ta taga ba, ba ka kuma je bakin tasha ba."

Tela ya kalli kofin, ya kalle ta. Ya ɗaga ya shanye har ƙasa, ya yamutsa fuska, ya goge baki da bayan hannu.

"Ki ajiye mini biyu," in ji shi. "Da ƙafata zan zo in karɓa."